Babana da Silin Tsohon Banki

Babana mai filasta ne, kuma duk wanda ya taɓa zama da shi na minti goma ya san labarin silin banki. Ba sai ka tambaya ba. Ka ce masa ruwan bana ya yi yawa, zai ce ai ba ka ga ruwa ba tunda ba ka ga wanda ya zubo daga tankin banki ba. Ka ce wuyanka na ciwo, zai ce kai ma ke nan, ina ga wanda ya yi sati bakwai kwance rigingine a kan katako yana aiki da hannu sama. Mahaifiyarmu takan ce miji ɗaya ta aura, aka haɗa mata da silin a matsayin gyara. A unguwa Baba Silin ake ce masa, rabi girmamawa rabi tsokana, shi kuwa amsawa yake da ƙarfi kamar an kira shi da sarauta.

Ni ce 'yarsa ta uku, kuma ni ce na kashe labarin nan a bakinsa. Abin da na zauna in rubuta ke nan.

Ginin yana nan har yau, a inda titin kasuwa ya haɗu da na tashar jirgin ƙasa. Ya haura shekara ɗari. Wani kamfanin fatake ne ya gina shi, ya ɗauko mai zane daga ƙetare ya ce masa yana son ginin da in mutum ya kalle shi zai ji a ransa cewa abin da ya ajiye a ciki ba zai taɓa ɓata ba. Mai zanen ya ji magana. Ya sa matakala tara ta dutse, don ka iso ƙofa kana haki, girman kanka ya ragu. Ya kafa ginshiƙai huɗu a gaba, waɗanda mutum biyu ba sa zagaye ɗaya da hannu, alhali abin da suke ɗauke da shi bai kai ya kawo ba, burga ce kawai. Tagogin ya ɗaga su sama da kan mutum, don mai wucewa kada ya ga wanda ya shigo da abin da ya kawo. Ciki zaure ne guda ɗaya babba, daɓen marmara fari da baƙi, da doguwar kanta ta katako mai sandunan tagulla. A ƙarƙashin ƙasa akwai ɗakin ajiya mai ƙofar ƙarfe da ta kai kaurin katifa biyu. Duk wannan mutum zai iya gani ya wuce. Amma ban taɓa ganin wanda ya shiga zauren bai ɗaga kai ba. Silin ɗin an raba shi gida arba'in da takwas, shida a faɗi takwas a tsawo, kowane gida da babban fure a tsakiya, ganyaye sun kewaye shi suna lanƙwasowa ƙasa kamar iska ce ta taɓa su.

Ga labarin yadda Baba yake ba da shi, na cire rantsuwa da tari. Yana ɗan shekara ashirin da shida, yana yi wa wani gida shafe a bayan bankin, sai tankin ruwan da ke saman rufi ya fashe a hutun ƙarshen mako. Silin ya sha ruwa kwana biyu. Da aka buɗe ƙofa ranar aiki, gida arba'in da ɗaya suna ƙasa a farfashe, bakwai kawai suka rage a kusurwar da ruwan bai kai ba. Manajan lokacin ya kusa zaucewa, ba don silin ba. Tsoronsa kada gari ya ji cewa rufin banki ya faɗo, don washegari kowa zai zo da jaka ya ce a ba shi abinsa. Ɗauko ƙwararru daga ƙetare kuwa wata shida ne da surutu. Sai ya sa aka manna takarda a ƙofa cewa an rufe zaure don fenti, aka mai da kanta zuwa ƙofar gefe, aka aiki maigadi ya kira yaron nan mai filasta da ke bayan katanga.

Baba ya ce da ya shiga ya ga ɓarnar, ƙafafunsa suka ce masa mu gudu. Manaja ya tambaye shi ko zai iya. Ya ce zai iya, don a lokacin bai san ana cewa a'a ga mai kwat ba. Kwana uku ya yi yana tsince ɓaraguzai yana jera su a kan marmara, kamar mai haɗa fasasshen faranti, har ya gane yadda aka yi abin. Ya hau ya shafa wa ɗaya daga cikin bakwan nan sabulu, ya ɗauki samfurinsa don ya riƙa zuba filasta a ciki. Furen ya fito daidai. Ganyayen ne suka ƙi, duk wanda ya zuba sai ya karye wajen cirewa saboda lanƙwasar. Da ya gaji sai ya jefar da samfurin ganyen, ya goge bakin cokalin shayi da magagari, ya riƙa sassaƙa su ɗaya bayan ɗaya tun filastar tana da laushi, yana cusa mata zaren buhu don ta yi ƙarfi. Ganye goma sha biyu a kowane gida. In ya zo nan a labarin sai ya tsaya ya ce wa mai sauraro ya lissafa da kansa, kuma ba zai ci gaba ba sai an ba shi amsa.

Manajan ya sa shi ya yi alkawarin ba zai faɗa wa kowa ba. Ya riƙe alkawarin shekara goma, har aka sayar da bankin ga wasu. Daga ranar ya fara ramuwa, kuma bai huta ba.

Bai sake samun aiki irin wannan ba har ya ajiye cokalin gini. Shekara arba'in ya yi yana shafe bangon mutane, yana toshe tsaga, yana faɗa da 'yan kwangila a kan yashi mai datti. Mutum ne mai saurin fushi a wurin aiki, mai sanyi a gida. In ya shiga gidan biki, maimakon ya gai da mutane sai ka gan shi yana shafa bango da bayan hannu yana girgiza kai. Ina 'yar shekara tara ya kama hannuna ya kai ni bankin, ba mu da abin ajiyewa ko na cirewa. Muka tsaya a tsakiyar zaure na ɗaga kai har jiri ya ɗebe ni. Ya sunkuyo ya ce, “Na wajen agogon can, wanda ganyensa ɗaya ya fi tsawo, ranar zazzaɓi nake yi.” Maigadi ya zo ya ce in ba mu da hulɗa mu ba mutane wuri. A hanyar komawa gida na ce masa ni ma gini zan yi in na girma. Tun daga ranar yake ce mini Injiniya, kuma ya ci gaba da hawa tsani har ya kai sittin da biyar don in gama karatun.

Bankin ya sauya hannu sau uku, daga ƙarshe ya koma wani sabon gini mai gilashi ya bar wannan wa tattabaru. Shekara goma sha biyu ƙofar tana rufe. Sai wani attajiri ya saye shi, da niyyar ya fafe cikinsa ya dasa benen shaguna. A lokacin ina aiki a hukumar adana gine-ginen tarihi, kuma fayil ɗin ya faɗo a kan teburina.

Dole in bayyana dokar, don a nan ne na samu wurin ɓuya. Matakin kariya biyu ne. A mataki na biyu fuskar gini kawai ake karewa, wato ginshiƙai da matakala, ciki kuwa mai shi ya yi yadda ya ga dama. A mataki na ɗaya ko ƙusa ba a cirewa, amma sharaɗin shi ne a tabbatar da cewa cikin ginin na asali ne, yadda masu ginin farko suka bar shi. In silin na baƙin nan ne na shekara ɗari, ya tsira. In na wani mai filasta ne ɗan bayan tasha, sunansa gyaran baya, a kankare shi a zuba a tifa.

Na yi sati biyu ina tonon takardun bankin a ɗakin ajiya, ƙura na shiga mini hanci. Na samu shekarar, na samu watan. Abin da aka rubuta layi ɗaya ne: an rufe zaure sati bakwai don fenti. Tsohon manajan ya yi ƙaryarsa da kyau, ya bar mini ita a ajiye. Na rubuta a rahotona cewa silin na asali ne, ba abin da ya taɓa shi sai fenti. Na ce wa kaina aikin Baba nake ceto, kuma gaskiya ne. Abin da ban ce wa kaina ba shi ne wannan ne babban fayil na farko da aka ba ni, kuma duk wanda ya kai gini mataki na ɗaya a ofishinmu, kujerarsa takan matsa kusa da taga.

Kwamiti ya zo duba ginin. Shugabarsu wata tsohuwar farfesa ce mai sanda, da madubin hangen nesa rataye a wuya. Ta daɗe tana kallon sama, sannan ta ce ta ga abin mamaki: gida bakwai na kusurwa ganyensu iri ɗaya ne sak, sauran kuwa babu biyun da suka yi kama.  Kafin in buɗe baki wani daga cikinsu, mai digiri uku, ya ce ai abin a fili yake. Waɗanda suka bambanta su ne na asali, aikin hannu ne na ƙwararrun da, irin wanda yanzu babu mai iya shi. Bakwan nan masu kama ɗaya kuwa gyaran baya ne, wani malalaci ne ya zuba su a samfuri. Duk suka gyaɗa kai. Har wani ya ce a rubuta cewa bakwan sun ɗan rage wa silin daraja. Na rubuta.

Lauyan attajirin ne ya ɓata mini lissafi. Ya aiko wa kwamiti takarda cewa akwai wani tsoho a unguwar bayan tasha da ya shekara arba'in yana gaya wa duniya shi ya yi silin nan, don haka a kira shi ya ba da shaida. Farfesa ta kira ni ofishinta ta tambaye ni ko na san mutumin. Na ce mahaifina ne. Na yi dariya, na ce, “Kin san tsofaffi da ƙarin gishiri. Fenti ya yi musu, shekaru suka mai da shi gini.” Ita ma ta yi murmushi ta ce nata mahaifin ya ci yaƙi shi kaɗai a bakinsa. Har yau in na tuna dariyar nan tawa sai in ji kamar in wanke bakina da sabulu.

Takardar gayyata ta riga ni isa gida. Da na je da la'asar na tarar da shi a tsakar gida, an goge masa rigarsa ta fita an rataye a ƙofa, alhali zaman saura kwana huɗu. Ya tono cokalin shayin nan daga ƙasan akwati, yana goge shi da toka.

“Injiniya! Kin ga ikon Allah? Gwamnati da kanta ta aiko. Yau shekara nawa ina faɗa, abokina tela yana mini dariya.”

Na zauna a kan tabarma kusa da shi. Na yi masa bayanin mataki na ɗaya da na biyu, na ja zancen, na kawo sashe da ƙaramin sashe, kamar ina gaban ɗalibai. Ya saurara har na gama.

“Tsaya in gane. In na ce ni na yi, rushe shi za su yi?”

“Eh, Baba.”

“In na ce ba ni ba ne, su bar shi?”

“Eh.”

“To shi silin ɗin, canzawa yake yi tsakanin maganar farko da ta biyu?”

“Doka ce, Baba. Ba ni na yi ta ba.”

“Ke me kika rubuta musu?”

Na faɗa masa. Mahaifiyarmu tana bakin ƙofar kicin da wuƙa da albasa a hannu, ta ji komai. Ta ce, “Ke yanzu saboda Allah, abu ɗaya mutumin nan yake da shi a duniya, shi za ki ce ya je gaban jama'a ya tofar? Karatun da ya hau tsani ya biya ke nan?” Na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce ita ba ta san yadda aiki yake ba, in an rushe silin wa zai ƙara yarda da labarin ma. Na iya gardama, a wurinsa na gada.

Baba yana ta juya cokalin a hannu. Can ya ce, “In na faɗi gaskiya, ke me zai same ki a ofis?”

Na ce ba komai. Ya dube ni, irin duban da yake yi wa bangon da aka rufe tsagarsa da fenti. Ya tashi da ƙyar, ya shiga ɗaki, na ji ƙarar murfin akwati.

An yi zaman a cikin zauren bankin, da safe, aka jera kujerun roba a kan marmara. 'Yan jarida biyu sun zo, da wasu 'yan unguwarmu da suka biyo shi don su ga ranar Baba Silin, har da tela, abokinsa na shekara hamsin. Baba ya shigo cikin gogaggiyar rigarsa. Mutumin da ko a hoto ya ga silin nan sai ya miƙe zaune, ranar bai ɗaga kai ba ko sau ɗaya. Daɓe yake kallo.

Lauya ya tashi da fara'a, don a ganinsa shaidarsa ce ta zo. Ya ce, “Baba, gaya wa kwamiti, wa ya yi silin nan?”

“Haka na tarar da shi, yallaɓai.”

“Ban ji ba.”

“Na ce haka na tarar da shi. Fenti aka kira ni na yi, na yi.”

“Fenti har sati bakwai?”

“Ni kaɗai ne, kuma wurin da tsawo.”

Lauya ya buɗe takardunsa ya ce yana da mutum shida da suka ji shi da kunnensu yana cewa da cokalin shayi ya sassaƙa ganyen nan. Da aka ambaci cokalin shayi sai mai digiri uku ya tuntsire da dariya, wasu suka taya shi. Baba ya jira dariyar ta lafa, ya ce, “Surutun tsufa ne, yallaɓai. Mutum in ba shi da abin faɗa sai ya ƙirƙira.”

Ina zaune a teburin hukuma, tazarar taku biyar tsakanina da shi, ina rubuta abin da ya ce kalma bayan kalma, don ni ce mai ɗaukar bayanin zaman.

Ginin ya samu mataki na ɗaya. Attajirin ya haƙura ya sayar wa hukumar gari, aka mai da zauren ɗakin karatu, aka manna allon tagulla a jikin ginshiƙi mai ɗauke da sunan baƙon da ya zana shi. Kujerata ta matsa kusa da taga. Na riƙa zagayawa da baƙi ina nuna musu ganyayen, ina cewa su dubi yadda babu biyun da suka yi kama, irin hannun da ya ƙare a duniya. Na faɗa har na iya faɗa ba tare da na haɗiye yawu ba.

A unguwa kuwa jarida ta riga ta kai labari. Tela bai yi da mugunta ba, shi a ganinsa wasan da suka saba ne, ya fara ce masa Baba Fenti. Sunan ya kama kamar wuta, har yaran da ba su san mafarin zancen ba suna faɗa. Baba yakan amsa, a hankali. Ya daina zama a bencin ƙofar shagon tela, ya ce rana tana damun idonsa. In an yi maganar ruwa sai ya ce Allah ya sa na amfani ne. In jikokinsa suka ce wuyansu na ciwo sai ya ce a shafa musu man zafi. Bai taɓa yi mini gori ba, ko da wasa, kuma wannan ya fi mini ciwo fiye da zagi. In na je gaishe shi yakan tambaye ni aiki, in ce lafiya, ya ce madalla, sai mu zauna muna sauraron rediyo kamar baƙin juna a tasha. Mahaifiyarmu ta yi wata huɗu tana ba ni amsa da kalma ɗaya.

Bayan shekara uku, wata safiya, fure ɗaya ya ɓalle daga silin ya faɗo a kan teburin karatu, ya raba shi biyu. Allah ya tsare, ɗalibar da ke wurin ta tashi shan ruwa. Aka ɗauko wani ƙwararre mai tsada. Ya duba abin da ya faɗo, ya ga wayar da aka ɗaure furen da ita a jikin katakon rufi ta ƙarfe ce, tsatsa ta cinye ta. Ya yanke cewa tunda hannu ɗaya ne ya yi aikin, duk silin haka yake, kowane lokaci zai iya zubowa. Shawararsa a sauke shi gaba ɗaya, a kai gida biyu ko uku gidan tarihi, a maye sauran da kwafi na roba.

Baba a rediyo ya ji. Ya kira ni a waya, abin da ya daɗe bai yi ba, ya ce in zo in kai shi. Bai sa an goge masa riga ba.

Matakala taran nan sai da muka huta sau biyu. Shugaban ɗakin karatu da ƙwararren suna tsaye a ciki da takardu, an ja igiya a kewaye wurin da abin ya faɗo, sauran teburan kuwa da mutane a kansu. Wannan karon Baba ya ɗaga kai. Ya daɗe yana kallo, yana motsa leɓe. Sannan ya ɗaga sandarsa ya nuna layin da ke bakin ƙofar gefe.

“Wancan da ya faɗo, da biyu na damansa, da biyu na bayansa. Biyar ne. Su kaɗai ne masu wayar ƙarfe. Sauran duk tagulla ce, ba abin da zai same su ko da shekara ɗari. Wayar tagulla ce ta ƙare a satin ƙarshe, manaja kuma yana tsaye a kai yana cewa jibi za a buɗe. Ba daidai aka yi ba, an san ba daidai ba ne. Ku kwashe teburan nan yau, kada ku bari sai gobe.”

Na ji labarin silin ya fi sau dubu, ban taɓa jin wannan ba. Shekara arba'in yana cika baki, wannan ɗin ya ɓoye shi don kunya. Ranar ya fito da shi da bakinsa a gaban baƙi.

Ƙwararren ya cire tabarau ya dube shi. Ya ce, “Baba, wayar nan a cikin filasta take, ba a ganin ta daga sama balle daga ƙasa. Ta yaya ka san wacce ce tagulla, wacce ce ƙarfe?”

Baba ya juyo ya dube ni. Ba roƙo a idonsa, ba fushi, jira kawai yake yi.

Ina so a san abin da na sani a wannan lokacin. Ginin ya riga ya zama na hukumar gari, attajirin ya tafi, ba mai rushe komai. Hujjar da na riƙe shekara uku ta mutu. Abin da gaskiya za ta taɓa yanzu rahoto ɗaya ne mai sa hannuna a ƙasa, da bayanin zaman da na ɗauka, da kujera kusa da taga. Kalma uku ce: shi ya yi. Na ji su a bakina, har na buɗe shi.

Na ce, “Ya yi fenti a nan shekarun baya. Wataƙila ya hau saman rufi ya leƙa.”

Baba ya gyaɗa kai. Ya ce, “Haka ne. Leƙawa na yi.”

A kan matakala ya riƙe hannuna saboda santsi. Da muka sauka ya tsaya yana mai da numfashi, ya ce, “Ki tabbata sun kwashe teburan nan, Injiniya. Yaran mutane ne ke zama a wurin.” Na ce to. 

Na ba da umarni a kwashe teburan a ranar, kuma a huda gida goma a gwada kafin a taɓa silin. Aka huda. Huɗun da ya nuna wayar ƙarfe ce, saura kaɗan su tsinke. Sauran shidan tagulla, tana ƙyalli kamar jiya aka ɗaura. Aka gyara biyar ɗin, aka bar silin a inda yake. A rahoton gyaran ƙwararren ya rubuta cewa sakaci ne na magina na farko, wataƙila kaya ne suka yanke musu shekara ɗari da suka wuce. Aka kawo mini takardar ofis don amincewa, na karanta ta sau biyu, na sa hannu.